Na canza mitar tsohuwar Hilux tawa, yanzu kowace allura da abin da take faɗa

BabanSadiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar kanikawa da rewayoyin gidan nan. Motata Hilux ce tsohuwar yayi, ƙirar 1991, mai injin fetur 22R da kafireto, mai ja da ƙafa huɗu. Da ita nake ɗauko hatsi daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau. Shekara biyu ke nan malejinta ya tsaya cak a kan 312,460, ban kula ba tunda mota tana tafiya. Daga baya allurar zafi ita ma ta kwanta. Watan jiya a hanyar Gezawa, da kaya a baya, ruwan lagireto ya tsiyaye ban sani ba, sai ƙauri na ji, na ga tururi yana fitowa ta ƙarƙashin bonet. Gasket ya ƙone, kan injin sai da aka kai aka goge. Sati biyu mota tana ajiye a tsakiyar kaka.

Shi ne na ce ba zan ƙara hawa titi a makance ba. Na sayo mita ɗungurungum 'yar Beljiyam, na haɗa da sabuwar wayar maleji. Tawa ta asali mai sauƙi ce, maleji da gejin mai da na zafi, sai fitilu. Wannan kuwa har da agogon juyin inji da allurar baƙin mai da ta batir. Soket ya shiga, yaron da ya ɗaura ya ja waya ɗaya daga kwil saboda agogon juyi.

To ga abin da ya ɗaure min kai. Ina tafe waya ta nuna min 94 a GPS, maleji yana kan 55. A silo agogon juyi yana nuna 500, alhali kunnena ya san silon motata bai sauka ba. Allurar baƙin mai kuma da na murɗa makulli sai ta haye can ƙarshe, da inji ya tashi sai ta faɗo ƙasa. Lambar tafiya kuwa 141,200 ce. Matacciyar mita aka ba ni ne, ko akwai saiti?

RewayanDakata:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a ce komai, don Allah kada ka sake murɗa makullin nan sai ka zare wayar da ke kan suwicin baƙin mai. Yana jikin injin, kusa da filta. Zare ta, ka naɗe bakinta da tef kada ta taɓa ƙarfe.

Dalili shi ne, tsohuwar mitarka fitila ce take da ita, kuma fitila suwici kawai take so: in babu ƙarfin mai ya haɗa da bodi fitila ta kama, in mai ya hau ya saki ta mutu. Ita kuwa allura ba suwici take so ba, sanda take so, wani mai kama da ƙaramin gwangwani wanda yake sakin wuta gwargwadon ƙarfin mai. Yanzu duk sanda ka buɗe makulli, suwicin nan yana haɗa allurar da bodi kai tsaye, shi ya sa take hayewa. A cikin gejin akwai siririn ƙarfe da aka naɗa wa waya, zafi ne yake lanƙwasa shi ya tura allura. In ya sha zafin da ya fi ƙarfinsa sai ya lanƙwashe har abada. Sau nawa ka kunna tun da aka ɗaura?

BabanSadiya:
Innalillahi. Kwana huɗu ke nan Oga, kullum ina fita. Yanzu na tashi yaro ya zare.

RewayanDakata:
To Allah ya sa ba ta gama lalacewa ba. Amma ka sani, da wayar nan a zare ba ka da fitila ba ka da allura, in mai ya yanke babu mai gaya maka. Gobe da safe ka fara neman sandan kafin ka ɗauki kayan kowa.

Almajirin_Gareji:
Baba, ka duba fuskar malejin da kyau. Manyan lambobin nan me aka rubuta a ƙasansu, km/h ko MPH? Kuma akwai wasu ƙananan lambobi a zagaye na ciki?

BabanSadiya:
Na haska da tocila. MPH aka rubuta, kuma akwai ƙananan lambobi daga ciki, ban taɓa lura da su ba.

Almajirin_Gareji:
To daga motar Amurka aka ciro ta. Mil take ƙirgawa ba kilomita ba. Ƙananan lambobin su ne naka.

Injiniya_Gusau:
Yaron nan ya gano rabin matsalar, Allah ya yi masa albarka. Bari in ƙarasa lissafin. Mil ɗaya kilomita 1.609 ne, ke nan 55 ɗin da ka gani kilomita 88 da rabi ne. Amma wayarka 94 ta ce. Saura biyar da rabi ke nan da ba mu san inda suka shiga ba, kusan kashi 6 cikin ɗari. Ina zargin taya. Alhaji, me aka rubuta a gefen tayoyin da ke ƙafarta, kuma ka san wadda ta zo da ita?

Game da wayar maleji kuwa kada ka damu, ba ruwanta da mil ko kilomita. Ƙa'idar motocin Japan ita ce wayar ta juya sau 637 a kowace kilomita. Na Amurka sukan rubuta 1026 a mil ɗaya, in ka buga 637 sau 1.609 kusan nan za ka sauka. Abu ɗaya ne, fuska da giyoyin ƙirga kawai aka bambanta. A wasu mitocin ma za ka ga lambar da ƙananan baƙi a ƙasan fuskar.

BabanSadiya:
265/70R16 ne a kai yanzu. Da na saye ta siraran nan ne 205R16, na canza saboda yashin hanyar ƙauye.

Injiniya_Gusau:
Shi ke nan, lissafi ya cika. Tsayin 205R16 wajen milimita 734 ne, na 265/70R16 kuma wajen 777. Bambancin kusan kashi 6 ne cikin ɗari. Mita ba titi take gani ba, juyin giya take ƙirgawa. Babbar taya a juyi ɗaya ta fi cin ƙasa, don haka kana gudu fiye da abin da allura take faɗa. Ko tsohuwar mitarka ce da tana aiki, haka za ta riƙa rage maka. Malejin da ka sayo lafiyarsa ƙalau.

Direban_Funtua:
Ni fa ban ga abin wahala ba. A buɗe gilashi, a zare allura da cokali biyu, a mayar da ita gaba kaɗan. Haka aka yi wa tawa, minti goma aka gama.

Injiniya_Gusau:
Malam Direba, wannan dabarar tana aiki ne in kuskuren iri ɗaya ne daga ƙasa har sama, kamar a ce wani ya taɓa zare allurar ya mayar ba daidai ba. Na taya ba haka yake ba, girma yake yi da gudu. A 40 kuskuren bai kai 3 ba, a 100 ya kai 6. In ka tura allura ta daidaita a 100, to a cikin gari za ta riƙa yi maka ƙari. Sannan lambar tafiya ba ta bin allura ko kaɗan. Allura maganaɗisu ne yake jan ta: waya ta juya maganaɗisu, shi kuma ya ja wani ɗan kofin alminiyam, siririn sifirin yana riƙe da shi. Lambobin kuwa giya ce take tura su kai tsaye. Ka gyara allura, ƙirga tana nan tana cin ka.

Gyaran gaskiya yana gindin giyabos, inda wayar take shiga. A mai ƙafa huɗu yana bayan tiransifa. Noti ɗaya ne, ka zaro hannun za ka ga ƙaramar giya ta roba. Ƙirga haƙoranta. In kana so mita ta ƙara sauri, mai ƙarancin haƙori za ka sa. Misali daga 19 zuwa 18 ƙarin kashi 5 da rabi ne, kusan abin da Alhaji yake nema. Sharaɗi dai sabuwar ta hau kan giyar da ke ciki ba tare da ci ba.

Direban_Funtua:
To Injiniya, na ji. Amma tawa dai tun da aka yi mata ban ga matsala ba.

RewayanDakata:
Mu dawo kan agogon juyi. 22R mai lafiya silonsa wajen 750 ne. Naka yana nuna 500, wato biyu bisa uku. Wannan ba lalacewa ba ce, mitar ta injin V6 ce. A Amurka Toyota ta sayar da irin wannan bodin da inji biyu, mai silinda huɗu da kuma 3VZ mai shida. Agogon tartsatsin kwil yake ƙirgawa. Mai shida yana ba da uku a kowane juyi, naka biyu yake bayarwa, shi ya sa agogon yake ganin kamar injin yana jan ƙafa. In yana nuna 2,000 to kana kan 3,000.

A bayan agogon, jikin faranti, akwai ɗan mamurɗi na saiti. Na taɓa yi wa wani, na haɗa na'urar auna juyi a kwil, yaro ya riƙe totur a 2,500, na riƙa murɗawa a hankali har suka zo ɗaya. Kada a saita a silo, in ka saita a ƙasa sama takan kauce. Kuma a murɗa da abin roba, ba sukudireban ƙarfe ba.

Dattijo504:
Ku yara kuna ta lissafi, akwai abin da ba ku ambata ba. Ni tun zamanin da PAN ta fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975 nake cikin ƙarfe, akori-kura 504 na tuƙa fiye da shekara ashirin. Duk wanda zai taɓa mita ya fara duba ƙwan fitilar caji. In ƙwan nan ya mutu, ko ka tafi da mita a cire, altaneta ba za ta yi caji ba, don ta cikin ƙwan take samun wutar farko. Na ga wanda ya canza batir biyu da altaneta ɗaya, ashe ƙwai ne na sisi ya ƙone. Alhaji, ka auna batirinka.

RewayanDakata:
Baba, ranka ya daɗe, maganarka gaskiya ce a kan 504 da motoci da yawa masu altanetar Turai. Amma ta Hilux irin wannan, in Denso ce mai regileta a ciki, tana da wayarta daban daga makulli, ita ce take tashin ta. Wayar fitila aikinta fitila kawai. Duk da haka auna batir ba asara ba ne, inji yana aiki ya ga tsakanin 13.5 da 14.5. Tunda sabuwar mitar tana da allurar batir, sai a gwada ta da mita ta hannu a ga ko bakinsu ɗaya.

Dattijo504:
Madalla, na ƙaru. Japanawan nan ban zauna da su sosai ba.

ƊanMaraɗi_LN106:
Sannunku da aiki mutanen Najeriya. Mu nan wajenmu yawancin irin wannan Hilux ta gazuwal ce, wato dizal, injin 3L mai lita 2.8. Ina so in ja kunnen masu irin tawa da suke karanta wannan zance, don matsalarmu ta fi ta Alhaji haɗari. Shi 22R sarƙa gare shi. Mu bel ne, kuma a kontar ɗinmu, wato mita, akwai fitilar T-BELT da take kamawa in an ci kilomita 100,000, a canza bel a danna ɗan maɓallin da ke bayan toshiyar roba ta mutu. Fitilar nan ba ta san bel ba, lambar kontar take bi. In ka ɗauko kontar wata mota ka sa, lissafin waccan motar ka ɗauko. Wani abokin aikina ya yi haka, yana jiran fitila ta kama, bel ya tsinke masa tsakanin Tasawa da Damagaram, bawul da fistin suka gamu. Tun daga nan ni da fenti nake rubuta lamba da kwanan wata a murfin bel.

Kuma kada mai fetur ya sayi ta gazuwal don ya ga soket ya yi kama. Mu ba mu da kwil, agogon juyinmu daga famfon gazuwal yake ɗaukar sigina.

Sarkin_Hanya77:
Ni wallahi mamaki kuke ba ni. Shekarata goma sha takwas a kan sitiyari, ban taɓa tuƙa motar da malejinta yake aiki ba. Direba da kunne yake tuƙi. Sautin inji ya ishe ka sanin gudu, ƙauri ya ishe ka sanin zafi. Kuɗin da Alhaji zai kashe a nan da taya ya saya.

MamanIlham:
Malam Sarkin Hanya, ka yi haƙuri, ban yarda ba. Ai Alhaji ya faɗa da bakinsa, lokacin da ƙauri ya iso hancinsa gasket ya riga ya tafi. Ni ba direba ba ce, amma ina da akori-kura da take kai min kayan miya kasuwa, da ita nake ciyar da marayu huɗu. Da muka saye ta komai tsaf, babu fitilar da take kamawa. Wata uku injin ya buga. Da aka buɗe mita sai aka tarar babu ƙwai a ramin fitilar baƙin mai, cire shi aka yi da gangan don kada mai saye ya ga tana ƙyaftawa a silo. Direbana ma mai kunne ne, shekararsa ashirin yana tuƙi, bai ji komai ba sai da aka makara. Bashin gyaran nan shekara guda na yi ina biya.

Yanzu duk safiya kafin ya tayar sai na sa ya buɗe makulli mun ga fitilar mai da ta caji sun kama, sannan su mutu in inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko ita ce abin tsoro.

Sarkin_Hanya77:
Allah ya mayar da alheri Hajiya. Kan baƙin mai da zafi na sallama. Amma gudu dai har gobe kunnena ya fi min allura.

Injiniya_Gusau:
Gudun ma akwai magana. Alhaji in ya manta ya ga allura a kan 65 ya ɗauka kilomita ne, a gaskiya yana kan 111, da buhuna a baya, a mota mai birkin ganga a ƙafar baya. Sannan ga juye. In ya saba yin juye duk 5,000 ya bi lambar wannan mitar, sai ya ci wajen kilomita 8,500 kafin ya sauke mai. Muddin mitar nan da tayoyin nan suna kai, in lamba ta ƙaru da 2,900 lokacin juye ya yi.

BabanSadiya:
Wannan na juye ya shige ni, da haka zan yi ta tafiya. To saura maganar lamba. Wani ya ce min akwai masu buɗewa su juya lambobin da hannu su kai inda kake so. Ina tunanin a mayar min da ita 312,460 yadda tawa ta tsaya. Ya halatta? Ba sayarwa zan yi yanzu ba, amma rai da ajali, wata rana 'ya'yana za su iya sayarwa.

Malamin_Zaure:
Tambaya mai kyau, kuma Allah ya saka maka da ka yi ta tun kafin ka aikata. Asalin abin da aka hana shi ne algus, a ɓoye aibin kaya ga mai saye. Hadisin sananne ne a Sahihu Muslim: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Mai rage lamba don mota ta yi tsada, da wanda ya cire ƙwan motar Hajiya, duk nan suka faɗa.

Kai kuwa ƙarawa za ka yi don ka kusanci gaskiya, ba ragewa ba. Sai dai ka lura, 312,460 ɗin ma ba ita ce gaskiyar ba, tunda ka ce shekara biyu kana tafiya ba ta ƙirga. Kuma za ka sa lambar kilomita a mitar da take ƙirga mil. Ni abin da ya fi kwanta min, ka bar lambar yadda take, ka rubuta bayani a takarda ka haɗa da takardun mota, ka kuma gaya wa iyalinka.

BaƙonTexas:
Abin da Malam ya faɗa kusan shi ne doka a nan Amurka tun 1972. In aka canza mita, ko dai a saita ta daidai da lambar da tsohuwar take kai, ko in hakan ba zai yiwu ba a mayar da ita sifili a manna takarda a jikin madogarar ƙofar hagu, a rubuta lambar da motar take kai da ranar da aka canza. Cire takardar nan ma laifi ne. Ni ina ganin dabarar mannawa a ƙofa ta fi takarda a cikin fayil, don fayil yana ɓata, mota kuwa tana tafe da ƙofarta.

Dillali_Mai_Gaskiya:
Ni sana'ata sayar da mota ce, bari in faɗi abin da yake faruwa a fili. Babu mai sayen Hilux ta 1991 ya kalli lamba. Hayaƙi ake kallo, a saurari inji, a leƙa shasi a ga ko an yi walda. Inda lamba take cutar da mutane shi ne a sababbin shigowa, waɗanda ake rage musu da kwamfuta kafin su iso hannun mai saye. Can ne ya kamata Malam ya yi wa'azi.

Malamin_Zaure:
Can ma muna yi, Alhaji Dillali. Amma ko mai saye bai tambaya ba, mai sayarwa ya san abin da ya sani.

Vigo_2010:
Tunda an taɓo na kwamfuta, tambaya nake da ita. Tawa Vigo ce, lambarta a gilashi take fitowa. Ita ma in na canza mita haka zan sha wannan wahalar?

RewayanDakata:
Taka babu waya mai juyawa, sensa ce take aika sigina, bugu huɗu a kowane juyi. Lissafin 637 ɗin da Injiniya ya kawo yana nan, sau huɗu ya zama 2,548 a kilomita. Lambar tafiya kuma tana cikin wani ɗan ƙwaro mai ƙafa takwas a jikin farantin mitar, dangin 93C. In mitocin iri ɗaya ne sak, akan ɗauke na tsohuwar a dasa a sabuwar, lambarka ta gaskiya ta biyo ka. Matsalar taya kuma da ɗan akwati ake gyara ta, a sa shi tsakanin sensa da mita. Amma ka buɗe naka zancen daban kada mu cakuɗa wa Alhaji, tasa duniya ce daban.

Alhaji, wani abu ya faɗo min. Ka ce ka haɗa da sabuwar wayar maleji. Kafin a cire tsohuwar mitar, an gwada ta da sabuwar wayar?

BabanSadiya:
A'a, ba a gwada ba. Tare aka canza su.

RewayanDakata:
To akwai yiwuwar malejinka na asali bai taɓa mutuwa ba. Mafi yawan waɗanda suke zuwa min da maleji a tsaye, waya ce ta tsinke a ciki ko bakinta mai kusurwa huɗu ya cinye. Ɗauko tsohuwar mitar, ka yanko guntun tsohuwar wayar ka ɗaura a diril ka sa a bayanta. In allura ba ta motsa ba, juya hannun diril ɗin. In ta tashi, lambobi suka fara tafiya, to ka huta da mil gaba ɗaya: a ciro kan malejinka a dasa a gidan sabuwar, in ramukan sukuru sun hau. Wani lokaci ba sa hawa, saboda babbar tana da ƙaramar lamba ta tafiyar yini da sandarta da take fitowa ta gilashi. Sai an ajiye su gefe da gefe.

Allurar zafin ma ina da shakka. Yanzu a sabuwar tana aiki?

BabanSadiya:
Tana aiki, tana tsayawa ƙasa da rabi kaɗan. Amma da aka yi aikin gasket an canza sandan zafin, bakaniken ya ce ya ruɓe.

Almajirin_Gareji:
Ke nan Baba wataƙila duk tsohuwar mitar lafiya take, waya da sanda ne suka mutu.

Dattijo504:
Abin da nake gaya wa yarana ke nan a gareji, a fara daga mai araha. Amma Alhaji bai yi asara ba, allurar baƙin mai a tsohon inji ta fi fitila amfani nesa ba kusa ba. Fitila sai mai ya kusa ƙarewa ƙarfi take magana. Allura kuwa wata da watanni tana nuna maka yana sauka.

ƊanMaraɗi_LN106:
In kan malejin bai hau ba, Alhaji ka nemi mitar LN106, wato Hilux ta gazuwal irin tawa, da ta lalace ka ciri kan malejin kawai, namu kilomita ne. Kan malejin kaɗai na ce, ba duka ba.

BabanSadiya:
Salam, ga inda aka kwana. Na gode wa kowa, Allah ya bar zumunci. Tsohon malejin na gwada da diril kamar yadda Oga ya ce, ya tashi sumul, lamba ta motsa zuwa 312,461. Mun ajiye su gefe da gefe, sukuru biyu sun hau amma fuskar ba ta zauna daidai a tagar ba, don haka ban matsa ba, na bar na mil ɗin tukuna. Na manna takarda a ƙofa kamar yadda ɗan'uwanmu na Texas ya ce, na rubuta lambobin biyu da kwanan wata da bayanin shekara biyun da ba a ƙirga ba. Giyar gindin tiransifa mun zaro, haƙori 19 ne. Na zaga Ƙofar Ruwa ban samu mai 18 ba, wani ya ce zai tambayar min a Panteka ta Kaduna. Agogon juyi an saita, yanzu silo yana kan 750.

Abin da ya hana ni barci shi ne baƙin mai. Na samu sandan an ɗaura. Da safe allura tana hawa kusan rabi, amma in inji ya yi zafi na tsaya a silo sai ta sauko dab da layin ƙasa. Gejin ne na lalata a kwana huɗun nan, ko injin ne yake gaya min wani abu?

Direban_Funtua:
Ka sa mai mai kauri kawai, za ta hau.

RewayanDakata:
A'a Malam Direba, kada a rufe bakin allura kafin a ji me take cewa. Alhaji, daga nan babu mai iya raba maka biyun nan da baki. Saukowa a silo in mai ya yi zafi ɗabi'ar 22R ce, gejin da ya sha wuta ma yakan rage, tsohon inji mai sakakkun metal shi ma haka yake yi. A cire sandan a ɗaura gejin hannu mai bututu a ramin, a bar inji ya yi zafi sosai. Littafin Toyota ya ce a silo kada ya gaza 0.3 kg/cm², a juyi 3,000 kuma tsakanin 2.5 da 5.0. A kula da bakin gejin, zaren ramin na Japan ne, in aka tura na Amurka da ƙarfi zai ci zaren bulok. In ba ka da mai gejin a kusa ka shigo Dakata da safe kafin rana ta yi, ina da shi.

MamanIlham:
Alhaji don Allah kada ka ɗora mata kaya sai an auna. In an auna kuma ka dawo ka gaya mana lambar, ina so in sa a yi wa tawa.

BabanSadiya:
In sha Allahu Hajiya. Oga, ƙarfe takwas ina wajenka. In zo da tsohuwar mitar ma ka duba zaman fuskar nan, ko in bar ta a gida?

RewayanDakata:
Taho da ita, da guntun wayar da ka gwada da shi.